"Prevail on" ko "prevail over": kayar da dattawan muka yi, ko shawo kansu?

Ƴar Adar: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina kwananku, ya sanyi? Ina neman taimakon masu Ingilishi a cikinmu, kuma da ɗan gaggawa, don ran Litinin zan aika da takardar. Ni ce sakatariyar wata ƙaramar ƙungiya a nan Tawa, muna aikin farfaɗo da fako a wani ƙauye ta wajen Kaita. Masu tallafa mana sun ce rahoton bana da Ingilishi suke son shi, ba da Faransanci ba kamar yadda muka saba. Na rubuta duka, amma jimla ɗaya ta tsaya mini a wuya. Da farko dattawan garin sun ƙi ba mu filin da za a tona rabin wata, wato ramuka masu siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, sai da muka yi zama uku kafin su yarda. Ga abin da na rubuta: "After three meetings, we prevailed on the opposition of the elders." Wani abokin aikina ya ce "prevailed over" ake cewa, wani kuma ya ce in share duka in sa "we won them". Wanne ne daidai?

Ɗan Konni: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki wahalar da kanki da manyan kalmomi. Sa "we won them" ki wuce wurin. Shekara huɗu na zauna Sakkwato, daga filin ƙwallo har wurin ƴan siyasa haka nake jin ana faɗa, kuma kowa na ganewa.

Mushen Ingilishi: Wa alaikumus salam. Ɗan Konni, ana faɗar haka, ban musa ba, ni ma na sha ji a tasha. Amma ko a Sakkwaton, in yaro ya rubuta shi a jarrabawa, jan biro malami zai sa masa. A Ingilishin rubutu "win" abin da aka samu take ɗauka: wasa, kofi, zaɓe, takobi. Wanda aka kayar kuwa "beat" ko "defeat" ake sa masa. Ka tuna Oktoban 2010 da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta ci Masar ɗaya da nema a filin Seyni Kountché? Da Ingilishi "Niger beat Egypt" za a ce, ko "Niger won the match". In ka ce "Niger won Egypt", mai karatu zai ji kamar ƙasar Masar ce kyautar da aka ba mu. Hausarmu ce ke jan hannunmu: mun ci wasa, mun ci kofi, mun ci su, duk da "ci" ɗaya. Faransancin titi ma haka yake, "on les a gagnés". Na fi shekara ashirin ina gyara wannan a takardun ƴan lise.

Mushen Ingilishi: Yanzu ga tambayarki, Malama. "Prevail" ba ta hawa kan mutum kai tsaye, ba a cewa "we prevailed the elders". Ƴar ƙaramar kalmar da ke biye da ita ce ke juya ma'anar. In "over" ce ko "against", to karo aka yi, wani ya rinjayi wani. In "on" ce ko "upon", lallashi aka yi har mutum ya yarda da abin da a da ba ya so, kuma kusan kullum sai "to" ta biyo baya da aikin da aka roƙa: "we prevailed on the elders to release the land". Jimlarki ta haɗa biyun ne wuri ɗaya. Kin ɗauko "on" ta lallashi kin ɗora ta kan "opposition", alhali adawa ba mutum ba ce balle a zauna a lallashe ta. Sai ki zaɓi ɗaya: ko "prevailed over the opposition", ko "prevailed on the elders to" sannan ki faɗi abin da suka yarda su yi.

Ƴar Adar: Na gode ƙwarai Mushe. Wallahi sai da na buɗe ƙamus kafin in rubuta, na ga "prevail on" a ciki, na ɗauka shi ke nan. A raina cewa nake yi "mun yi galaba a kan adawar dattawa".

Tafintan Yamai: Ƙanwata, abin da kika faɗa yanzu shi ne tushen kuskuren, kuma ba ke kaɗai yake kamawa ba. Mu ƴan Nijar harsuna biyu ne ke tura mu rami ɗaya. Hausa ta ce galaba a kan, nasara a kan. Faransanci ya ce "prévaloir sur", "l'emporter sur". Tun ajin farko na kwaleji aka dasa mana cewa "sur" ita ce "on", littafi a kan tebur. To da an zo rubutu, "on" ce ke rigan kowa fitowa. Ga shi kuma "prevail" da "prévaloir" ƴan uwa ne na jini, daga kalmar Latin "praevalere" suka fito su biyun, wato fin ƙarfi. Shi ya sa mutum ke sakin jiki, yana ganin duk inda ɗaya ta taka ɗayar ma za ta taka. A Faransanci "prévaloir sur" rinjaye ne kawai, babu lallashi a ciki. Haka kuma "se prévaloir de", wato kafa hujja da wani abu, ba ta da ƴar uwa a "prevail" ɗin Ingilishin yau, sai ka nemi "rely on" ko "invoke".

Ni abin ya taɓa jawo mini matsala babba a wurin aiki. Shekarun baya na fassara bayanin wani taro tsakanin wata ƙungiya da masu ba ta kuɗi. Faransancin ya ce kwamiti ya rinjayi darekta, ni kuma na sa "prevailed on the director". Waɗanda suka karanta a waje suka fahimci darektan ya sauko da kansa ya amince, alhali ƙuri'a aka kaɗa aka kayar da shi, kuma bai yarda ba har ya bar kujerar. Aka yi kusan wata guda ana musayar wasiƙu kafin a gane inda ruɗanin ya samo asali, sai ga shi daga hannuna ne. Tun daga ranar, in na ga "sur" bayan kalmar rinjaye, sai na ɗaga hannu na sake dubawa.

Ɗalibar Jami'a: Ina wuninku iyaye da yayye. Ina shekara ta biyu a sashen Ingilishi na Abdou Moumouni. Mushe, ka haɗa "over" da "against" wuri ɗaya. Ashe babu bambanci tsakaninsu? Ni kullum a nan nake tsayawa.

Mushen Ingilishi: Ɗiyata, ƙamusun da nake aiki da su tare suke jera su, ƙarƙashin ma'ana ɗaya. Duk wadda ɗalibi ya sa mini, ba na rage masa maki.

Tafintan Yamai: Mushe, a wajen maki na yarda da kai, amma kunne yana jin ɗan bambanci. "Against" tana zuwa ne in abin ya taso maka, ya fi ka ƙarfi, ka dage har ka tsira: "they prevailed against all odds". "Over" kuma in an ɗora abu biyu a sikeli ɗaya ya danne ɗaya: "reason prevailed over anger". Ta farko akwai wahala da juriya a cikinta, ta biyun sakamako kawai take faɗa.

Mushen Ingilishi: Haka ne, ana yawan yin haka. Sai dai ba doka ba ce, kuma ba na son yara su haddace ta a matsayin doka su zo suna gyara wa mutane abin da yake daidai. Wanda za a tsaya a kansa shi ne tsakanin "over" da "on", don a nan ne ma'ana ke kifewa gaba ɗaya.

Mai Son Kokowa: Ni dai da harshen fili na gane abin. "Over" shi ne ka kai mutum ƙasa, makaɗa su ɗauka, jama'a su shigo fili. "On" shi ne a bi ɗan kokowa har masauki da dare ana ba shi baki ya fito gobe duk da ya yi fushi. Mu ƴan Tawa ai ba za a koya mana kaye ba, a garinmu aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975. To Malama, dattawan nan ƙasa kuka kai su ko baki kuka ba su?

Tsohon Gandun Daji: Salamu alaikum. Yaron nan mai kokowa ya riga ni. Ni ban iya Ingilishi ba, Faransancina ma na aiki ne. Amma na yi shekaru ina aikin gandun daji cikin Adar, na ga babban aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita tun da anka fara shi a 1984, na ga mata na ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa bisa tudu cikin rana. Ɗiyata, tun ɗazu nake karanta ku kuna ta gardama kan ƴar kalma, ba wanda ya tambaye ki abin da ya faru a garin. Mi dattawan sunka ce? Don mi sunka ƙi? Kuma mi kunka ba su kafin su yarda? Don ni ban taɓa ganin maigari ya saki fili saboda an fi shi baki ba.

Ƴar Adar: Baba ina wuni, ya ƙarfin jiki? Tambayarka ta sa na ajiye rahoton na ɗauko littafin da nake rubuta bayanin zama a ciki. Ga yadda aka yi.

Zama na farko a ƙofar gidan maigari aka yi, bayan la'asar. Mun zo da taswira, mun zagaye fakon duka da jan layi. Muka ce za a tona rabin wata, a watsa irin ciyawa, a dasa itatuwa, a hana dabbobi shiga har shekara uku. Ba wanda ya ɗaga murya. Maigari ya ce, "Mun ji, Allah ya kai mu." Muka tashi muna murna. Sai a mota direbanmu, wanda ɗan yankin ne, ya ce mana wannan "mun ji" ɗin a'a ce.

A zama na biyu ne wani tsoho makiyayi, wanda bai ce uffan ba a karon farko, ya ture takardarmu gefe. Ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya ja layi da sanda daga rugarsu zuwa tabki. Layin ya ratsa tsakiyar filin da muka zagaye. Ya ce nan shanun ubansa suka bi, nan nasa ke bi. In muka rufe, ta cikin gonakin mutane za su ratsa, kuma ranar da saniya ta taka geron wani, mu muna Tawa, su za a bari da rigimar. Gaskiya ba mu san da burtalin ba. Da bazara muka auna filin, tabkin ya ƙafe, kuma kun san fako ba ya riƙe sawu.

Zama na uku muka zo da liman da ƴan hukumar filaye ta garin, wato Kofob. Aka taka filin da ƙafa, aka kafa duwatsu gefe biyu na hanyar. Muka haƙura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muka nema, aikin ya rabu gida biyu, burtali a tsakiya. Sannan ne maigari ya ce a kawo diga da shebur. Tsohon nan da kansa ya ba da ƴaƴansa biyu cikin masu gadin wurin.

Tsohon Gandun Daji: To alhamdu lillahi. Ɗiyata, da bakinki kin ba da amsa. Tsohon nan gaskiya gare shi. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 duk sun kare burtali, da kun toshe shi ku za a kama da laifi. Gyara ya yi muku, kuma kun yi hankali da kunka ji. In kin rubuta cewa kun rinjaye su, kowace ƴar kalma kika liƙa a bayanta, kin rubuta abin da bai faru ba.

Ɗan Konni: Baba, da girmanka, ka yi mini haƙuri in faɗi nawa. Na karɓi gyaran Mushe kan "we won them", ba zan sake ba. Amma rahoto ba hira ba ce. Masu ba da kuɗi suna da wurin da suke tambaya: waɗanne matsaloli kuka gamu da su, ta yaya kuka magance su? So suke su ga ƙungiya mai ƙarfi wadda ba ta ja da baya. In ta rubuta cewa sun yi kuskuren awo, wani tsoho ya gyara musu, sun rage fili, wa zai sake ba su kuɗi baɗi? Na ga ƙungiyoyi masu aikin kirki sun mutu saboda ba su iya tallata kansu ba, wasu kuma masu baki suna ta samu. Ta sa "we overcame the resistance of the elders", ai ba ƙarya ba ce, sun ƙi kuma daga baya sun yarda.

Tafintan Yamai: Ta fuskar nahawu, jimlar Ɗan Konni ba ta da aibi. "Overcome" kai tsaye take hawa abin, ba ta neman "on" ko "over" a bayanta, don ta riga ta haɗiye "over" a cikinta. Ana cewa "overcome fear", "overcome difficulties", "overcome opposition". A kula dai, in abin ya wuce "overcame" ne, babu "overcomed", don irin "come" da "came" ce. Kuma ta fi "prevailed over the elders" sauƙi a kunne, tunda adawar aka ture, ba mutanen ba. Amma ga abin da Bature zai ɗauka in ya karanta: akwai shiri mai kyau, wasu suka tare hanya, aka kawar da tarewar, shiri ya wuce yadda yake. Shirin ƙanwarmu kuwa bai wuce yadda yake ba, an yanke masa kashi ɗaya cikin huɗu. Ranar da suka turo mai duba aiki ya ga burtali a tsakiyar fili, ya buɗe taswirar farko bai gan shi ba, me za ta ce masa?

Mushen Ingilishi: Ina ta tunanin abin da ya sa abokan aikin Malama suka rabu biyu, sai na ga Hausa ma tana da hannu. Muna cewa an shawo kan gobara, an shawo kan matsalar ruwa. Muna kuma cewa an shawo kan wane, ya haƙura. Kalma ɗaya ce take yi mana aikin biyu, kuma ba ma ruɗewa don abin da ke biye da ita yana nuna wanne ake nufi. Ingilishi ya raba su. Shawo kan gobara "overcome" ne ko "bring under control". Shawo kan mutum "prevail on" ne, ko "persuade", ko "win over". Kuma ko a cikin waɗannan ukun akwai ɗan tazara: "prevail on" tana da nauyin takarda, tana kuma nuna an matsa wa mutum har ya yi abin, wataƙila zuciyarsa ba ta so. "Win over" ita ce zuciyar ta juyo, ya dawo ɓangarenka.

Ɗalibar Jami'a: To ke nan Yaya za ta iya cewa "we won over them"? Tunda tsohon har ƴaƴansa ya bayar, ai zuciyarsa ta juyo.

Mushen Ingilishi: A'a ɗiyata, ki kula da wurin zaman kalmar. "We won them over" ake cewa, "them" a tsakiya dole. In suna ne kina da zaɓi, "we won the elders over" ko "we won over the elders", duk ɗaya ne. Amma da kin ce "we won over them", kin koma filin ƙwallo, kunne zai ji kamar kayar da su aka yi. Ki duba kuma kanun labaran wasanni: "Niger's win over Egypt". A nan "win" suna ce, nasara a kan Masar. Kalmomin nan biyu dai, a wuri ɗaya lallashi, a wani wurin kaye. Ki rubuta misalan biyu a bangon littafinki, za su yi miki amfani har bayan kin gama.

Hajiyar Yantala: Sannunku da ƙoƙari. Ni ungozoma ce, na yi aikin rigakafi a karkara shekaru da yawa kafin a dawo da ni Yamai, kuma rahotanni irin wannan sun sha bi ta hannuna. Abin da ke ci mini rai shi ne kusan kullum dattawa da malamai su ne ake rubutawa a layin cikas. Alhali duk garin da muka samu shiga, wani dattijo ne ya buɗe mana ƙofa, wani liman ne ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Ɗan Konni, ƙanena, ka ce rahoto ba hira ba ce. Haka ne, ya fi hira daɗewa. A da muna rubutawa muna ganin ba mai karantawa sai Bature. Yanzu tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Yaran ƙauyukan nan suna karatu a Tawa, a Yamai, a Sakkwato, a Kano, kowa da wayarsa. Jikan tsohon nan zai iya cin karo da rahoton a intanet ya karanta masa cewa an rubuta shi a matsayin adawar da aka murƙushe. Da wane ido ƴarmu za ta koma garin neman fili na biyu?

Ɗan Konni: Hajiya, wannan kam ban yi tunaninsa ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa kar ta rubuta abin da zai sa a ga kamar ƙungiyar ba ta yi komai ba. Zama uku, mota, mai, haƙuri, ai aiki ne. Wasu da sun tattara takardunsu tun ranar farko sun tafi wani gari.

Tafintan Yamai: A nan ina tare da kai, kuma ana iya nuna aikin ba tare da an kayar da kowa ba. Ƙanwata, gwada wannan: "The elders initially opposed the plan because it blocked a livestock corridor. After three meetings, we revised the boundaries and they agreed to release the land." Jimla biyu. Ta farko ta faɗi sun ƙi, ta faɗi dalili. Ta biyu ta nuna ku kun motsa, su ma sun motsa. Daga abin da na gani a aikin fassara, mai karanta rahoto ya fi yarda da wanda ya kawo dalilin ƙin da matakin da aka ɗauka, don shi ne abin da zai iya zuwa ya gani da idonsa.

Ɗalibar Jami'a: Ke nan bayan duk wannan bayani "prevail" ta fita daga rahoton gaba ɗaya?

Tafintan Yamai: Tana da wuri in ana so, sai dai ba inda aka fara sa ta ba. "Prevail" tana iya tsayawa ita kaɗai, ba "on" ba "over", da ma'anar abu ya tabbata a ƙarshe. "The truth will prevail", kamar mu ce gaskiya za ta yi halinta. A labarin nan, kan maganar burtali, ra'ayin wa ya tabbata? Na makiyaya. To ana iya ƙarawa: "On the corridor, the herders' view prevailed."

Mushen Ingilishi: Wannan jimlar daidai take ta kowace fuska, kuma zan ɗauke ta in kai aji ranar Talata. Ɗalibaina suna sanin "prevailing winds" daga darasin ƙasa, iskar da ta fi yawan kaɗawa, kamar ta hunturu da ke zuwa mana daga arewa maso gabas. Ba su cika haɗa ta da wannan ba, alhali kalma ɗaya ce.

Tsohon Gandun Daji: Ku fassara mini ta ƙarshen nan da Hausa in ji.

Tafintan Yamai: Baba, cewa ta yi: a kan maganar burtali, ra'ayin makiyaya ne ya tabbata.

Tsohon Gandun Daji: Madalla. Wannan ko a gaban maigari ana iya karanta ta.

Tafintan Yamai: Tunda mun zo kan "prevail" mai tsayawa ita kaɗai, ƙanwata, akwai abin da nake so ki duba, ba cikin rahoto ba. Yarjejeniyar da kuka sa wa hannu da masu tallafin, in da harshe biyu aka yi ta, je ki shafukan ƙarshe ki nemi layi mai cewa "the English version shall prevail", ko makamancinsa. Ma'anarsa in Faransancin da Ingilishin suka saɓa, Ingilishin ne za a bi. Ƙungiyoyinmu da yawa Faransancin kawai suke karantawa su sa hannu.

Ƴar Adar: Yaya, na duba. Yana nan, a shafi na ƙarshe kafin wurin sa hannu, kalma da kalma yadda ka rubuta. Mu kuwa Faransancin muka karanta a taron kwamiti, Ingilishin ba wanda ya bi shi layi-layi. Zan gaya wa shugabarmu yau ɗin nan. In ba damuwa zan turo maka shafukan da suka shafi kuɗi da lokacin rahoto ka gwada mana su da na Faransancin.

Tafintan Yamai: Turo ta akwatina, ba nan cikin zaure ba. Ki rufe sunaye da lambobin asusu kafin ki ɗauki hoton. Zan duba bayan isha'i.

Ɗan Konni: Ni dai roƙona ɗaya, ki sa yawan zaman da kuka yi da waɗanda suka halarta, har liman da ƴan Kofob. A ga cewa an sha wahala kafin a kai ga diga.

Ƴar Adar: Zan sa, Yaya, akwai sunayen muƙamansu a littafina. Ga yadda sakin layin ya zama yanzu: "The elders initially opposed the plan because it blocked a livestock corridor. After three meetings with the village head, the imam and the land commission, we revised the boundaries and they agreed to release the land. On the corridor, the herders' view prevailed." Mushe, akwai gyara?

Mushen Ingilishi: Ɗaya kawai. "They" ɗin nan yanzu ta yi nisa da "elders", ga maigari da liman da hukuma sun shiga tsakani, mai karatu zai iya ɗauka su ne suka saki filin. Mai da ita "the elders agreed". Sauran ki bar shi yadda yake.

Tsohon Gandun Daji: Ɗiyata, in da hali, kafin ki aika ki karanta ma maigari da tsohon nan da Hausa, su ji abin da anka rubuta a kansu.

Ƴar Adar: Na gyara, Mushe. Baba, da ma ran Asabar za mu je duba ciyawar da ta fito a ramukan gabas da burtali. Zan tafi da takardar, in karanta musu a ƙofar gidan maigari, in sun ce a canza wani abu ina da ranar Lahadi. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.